Shin yawun mutumin yau zai iya nuna hanyar da kakanni suka biyo?

Tambaya: Malam, ƙanina da ke karatu a Turai ya tofa yawu a 'yar kwalba ya aika wa wani kamfani, aka dawo masa da taswira wai ga inda kakanninmu suka fito. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Ta yaya yawun wanda ke raye yau zai ba da labarin tafiyar da aka yi shekara 50,000 da suka wuce? In kuma gaskiya ne, zai iya raba gardamar ko Hausawa daga Bagadaza suka zo?

Amsa: Ɗan'uwa, shakkarka tana da hujja, amma ka haɗa abu biyu a buhu ɗaya. Ilimin da ke karanta ƙaurar mutanen zamanin da daga ƙwayoyin gado ilimi ne mai tushe, an shafe fiye da shekara 40 ana gina shi, kuma ƙasusuwan da aka tono daga baya sun gaskata yawancin abin da ya faɗa. Taswirar da kamfani ya sayar wa ƙaninka kuwa ita ce mafi rauni a cikin duk abin da ilimin ke iya bayarwa. Bari mu fara da mai ƙarfin.

A cikin yawun akwai ƙwayoyin jiki da suka zubo daga fatar baki, kuma a kowacce akwai DNA, wato dogon zare da aka jera da sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da A, C, G da T. Ka gaji haruffa kusan biliyan 3 daga mahaifiyarka, wasu biliyan 3 daga mahaifinka. Wajen kwafe su ana samun tuntuɓe: kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin canje-canje kimanin 60 zuwa 70 da babu su a jikin iyayensa. Yawancinsu ba sa cutarwa, ba sa amfanarwa, amma ba sa gogewa. Wanda ya samu zai iya gadar wa 'ya'yansa, su ma su gadar. Don haka in aka ga wata alama da ba kasafai ake samunta ba a jikin mutumin Agadas da kuma mutumin tsibirin Sardiniya na Italiya, to akwai kakan da ya haɗa su. Tunda kuma an san saurin da canje-canjen ke taruwa, ana ƙirga waɗanda suka shiga tsakanin mutanen biyu a kimanta tsawon lokacin da suka rabu. Kimantawa ce, ba ranar wata ba. Kuskuren shekara dubu biyu ko uku a lissafin shekara 50,000 ba abin mamaki ba ne.

Abu na farko da wannan ƙirga ta nuna shi ne 'yan Adam sun yi kama da juna ƙwarai. Ɗauki kowane mutum biyu a duniya, bambancinsu bai wuce harafi 1 cikin 1,000 ba. A 1972 masanin ilimin gado Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin 100 na wannan ɗan bambancin ma a cikin al'umma ɗaya ake samunsa, tsakanin maƙwabci da maƙwabci. Abin da ya rage shi ne ya bambanta ƙabilu da nahiyoyi. Launin fata da siffar hanci suna ruɗin ido ne kawai domin a waje suke.

Abu na biyu shi ne bambancin bai rabu daidai a doron ƙasa ba. Afirka ce ta kwashe kaso mafi tsoka. Wani bincike na 2010 ya gano cewa dattawa biyu daga mutanen San na hamadar Kalahari sun fi bambanta da juna fiye da yadda Bature ya bambanta da mutumin Asiya. Dalilin sai ka yi tunanin buhun da aka gauraya gero da dawa da maiwa da acca da wake da riɗi. Ka ɗebi ƙwarya ɗaya daga ciki, mai yiwuwa riɗin bai shigo ba. Daga ƙwaryar ka ɗebi tafin hannu, an rasa acca. Duk abin da ke tafin hannun akwai shi a buhu, amma ba duk na buhu ne ya kai tafin hannu ba. Haka ƙaura take: 'yan tsiraru ne ke tashi, su tafi da ɗan abin da ke jikinsu, daga cikin jikokinsu wasu 'yan tsiraru su sake tashi. A 2005 aka auna al'ummomi fiye da 50, aka ga yawan bambancin gado yana raguwa sannu a hankali gwargwadon nisan tafiyar ƙasa daga Adis Ababa. Ya ragu a Gabas ta Tsakiya, ya ƙara raguwa a Gabashin Asiya, ya kai ƙarshen ƙaranci a wurin 'yan asalin dajin Amazon, waɗanda su ne a ƙarshen hanya. A ganina wannan ita ce hujja mafi sauƙin fahimta a fannin duka, kuma har yau ba a samu wani bayani da ya ture ta ba.

Akwai layi biyu da suka fi sauran sauƙin bi, domin ba a gauraya su wajen haihuwa. Ɗaya DNA ɗin mitokondiriya, wato sashen ƙwayar jiki da ke samar mata da kuzari, ɗan guntu mai haruffa 16,569 da uwa kaɗai ke gadarwa. Ɗayan kuma kuromozom Y, wanda ke bi daga uba zuwa ɗa namiji. A 1987 Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka bi layin uwa na mutum 147, suka ga duk rassan sun haɗu a jikin mace ɗaya da ta rayu a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka wuce. Jaridun Turawa suka laƙaba mata sunan Hauwa'u, abin da ya jawo ruɗani har yau. Masu binciken ba su ce ita ce mace ta farko ba. Tana da uwa, tana da maƙwabta mata da yawa a zamaninta, sai dai layin 'ya'ya mata na sauran ya yanke a hanya, nata ya ɗore. Manyan rassan wannan bishiya, daga L0 zuwa L6, duk na Afirka ne. Daga reshe ɗaya tak, L3, aka samu M da N, kuma daga waɗannan biyun ne kusan duk layukan uwa na 'yan asalin Turai da Asiya da Ostireliya da Amurka suka fito. Wannan ne ya sa ake sanya babbar fitar daga Afirka tsakanin shekara 50,000 zuwa 70,000 da suka wuce. Ƙasusuwa ma sun yarda cewa a nan aka daɗe: na Jebel Irhoud a Maroko sun kai shekara kusan 300,000.

A ɓangaren maza, reshe mafi tsufa da aka sani, A00, an fara cin karo da shi ne a 2013 a jikin wani baƙar fatar Amurka, aka bi sawu aka same shi a ƙabilar Mbo ta yammacin Kamaru. Ka ga nan cinikin bayi ne ya bar sawunsa a kan sawun da ya girme shi da shekara dubbai.

Abin da ya juya fannin gaba ɗaya shi ne lokacin da aka koyi ciro DNA daga tsofaffin ƙasusuwa. Svante Pääbo, wanda ya ci kyautar Nobel a 2022 a kan wannan aiki, shi da tawagarsa suka karanta DNA ɗin mutanen Niyandatal, wani tsohon jinsin mutane da ya rayu a Turai da Asiya ya shuɗe, a 2010. Sai ga shi duk wanda asalinsa na wajen Afirka ne yana ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 daga gare su. Wato waɗanda suka fita sun tarar da wasu mutane a can, suka hayayyafa da su. A shekarar dai aka karanta wani ɗan guntun ƙashin yatsa daga kogon Denisova a Saiberiya, aka gano wani jinsin daban, wanda gadonsa ya kai kashi 3 zuwa 5 a jikin mutanen Papuwa Niyu Gini. Mutanen Tibet ma daga gare su suka gaji wani canji da ke taimaka musu rayuwa a kan tsaunuka masu ƙarancin iska.

Tun daga nan labarin tsarkin jini ya rushe a ko'ina, kuma Turai ce ta fara shan kashi. Baturen yau gaurayen aƙalla al'umma uku ne: mafarautan da suka riga kowa, manoman da suka shigo daga Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, kimanin shekara 8,500 da suka wuce, da makiyayan Yamnaya da suka kwararo daga filayen arewacin Bahar Aswad kimanin shekara 5,000 da suka wuce. A Birtaniya, kusan kashi 90 na gadon mutanen tsibirin ya sauya cikin 'yan ƙarnoni bayan shigowar masu jinin makiyayan. Waɗanda suka fara kafa duwatsun Stonehenge, wani tsohon wurin tarihi a Ingila, ba su ne manyan kakannin Ingilishi na yau ba. Madagaska kuma tana dab da gaɓar Afirka, amma wani babban kaso na gadon mutanenta daga tsibirin Borneo na Indunisiya ya zo, ta jirgin ruwa, kuma harshensu ya riga ya faɗi haka tun kafin a zo ga gwajin jini.

A Afirka aikin ya fi wuya domin zafi da danshi suna lalata DNA. Sai a 2015 aka samu cikakken karatu na farko, daga wani mutum da aka binne a kogon Mota na Habasha shekara 4,500 da suka wuce. Binciken ma ya zo da kuskure: an fara sanar da cewa jinin Yuroshiya, wato Turai da Asiya, ya bazu ko'ina a nahiyar, daga baya aka gano matsalar manhajar kwamfuta ce, aka gyara a 2016. Na kawo wannan ne don ka san fannin yana tuntuɓe, kuma yana gyara kansa a bainar jama'a. A 2020 aka karanta yara huɗu daga Shum Laka a Kamaru, biyu masu shekara kusan 8,000, biyu masu kusan 3,000. Wurin yana yankin da masana harshe suka ce daga nan harsunan Bantu suka tashi suka mamaye rabin nahiyar har Afirka ta Kudu. An zaci za a ga kakannin Bantu, sai aka tarar yaran sun fi kusa da mafarautan dazuzzukan tsakiyar Afirka. Ɗaya daga cikinsu kuma yana ɗauke da A00 ɗin nan.

Yanzu mu dawo gida, inda tambayarka ta fi nauyi.

Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce. Ciyawa ce da tafkuna da koguna. Tafkin Cadi ya yi girman da ya ninka na yau sau da dama. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a inda yanzu jihar Yobe take, ya kai shekara 8,000. A Gobero, cikin Tenere ta Nijar, an tono maƙabarta a bakin tsohon tafki, da ƙasusuwan kifi da dorina da kada. A Dabous kusa da Agadas akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a jikin dutse. Mutane sun yi yawo a wannan fili da shanunsu, kuma da ruwa ya janye suka gangaro kudu da gabas.

Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, tare da Bole da Ngizim da Bade da Bura da Margi da Tangale da Angas da Kotoko da wasu fiye da 100. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka bayyana wani reshen kuromozom Y mai suna R1b-V88, wanda ya taru sosai a tsakanin masu waɗannan harsuna. A ƙabilar Uldeme ta tsaunukan Mandara a arewacin Kamaru ya wuce kashi 90 na mazan da aka gwada. A Hausawan arewacin Najeriya an samu kusan ɗaya cikin biyar, a Hausawan Sudan kuma wani bincike na 2008 ya samu kusan biyu cikin biyar. Amma ka riƙe waɗannan alƙaluman da hannu sake, domin mazan da aka gwada 'yan gomomi ne, a al'ummar da ta kai miliyoyi masu yawa. Abin da ya ja hankali shi ne R1b reshe ne na Yuroshiya, ɗan'uwan wanda ya fi yawa a mazan Yammacin Turai, kuma tsofaffin ƙasusuwan da aka samu da V88 a kudancin Turai suke, irin su yankin Balkan da Sifaniya da Sardiniya. Mafi rinjayen fahimta ita ce wasu maza sun shigo Afirka daga arewa, suka ratsa Sahara lokacin tana kore, tsakanin shekara 5,000 zuwa 9,000 da suka wuce, suka iso bakin Tafkin Cadi.

Kada kowa ya ɗauki wannan ya ce to ashe Hausawa Turawa ne. Layin uwa na masu harsunan Cadi na Afirka ne kusan gaba ɗaya, har akwai wani reshe, L3f3, mai shekara kusan 8,000, wanda ke nuni zuwa gabashin nahiyar. Sauran gadon jiki kuma, wanda shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, yana haɗa Bahaushe da maƙwabtansa na Afirka ta Yamma da na Sahel. Layin uba na nuna arewa, wani layin uwa na nuna gabas, gangar jiki na nuna nan gida. Masana harshe ma sun rabu haka: Christopher Ehret yana ganin kakannin harsunan Cadi daga tsakiyar Sahara suka gangaro, Roger Blench yana ganin daga wajen Kogin Nilu suka yo yamma ta kwarin Wadi Howar. Ni a nawa ganin babu dole sai ɗaya ya faɗi, domin harshe da mata da maza ba lallai su zo ta hanya ɗaya a lokaci ɗaya ba. Wani bincike na 2025 a kan gawar mata biyu makiyaya masu shekara 7,000 daga Takarkori a kudu maso yammacin Libiya ya ƙara jan kunne. Matan na wani tsohon tsatso ne na Arewacin Afirka da ya daɗe a ware, abin da ke nuna kiwo ya bazu a can ta hanyar koyi fiye da kwararar baƙi. Shanu na iya tafiya daga hannu zuwa hannu ba tare da mai su ya bi su ba.

Wasu sawun kana iya ganinsu a asibiti da kasuwa. Yawancin manya a duniya cikinsu ba ya narkar da ɗanyar madara sosai. Al'ummomin makiyaya ne suka samu canjin da ke ba su wannan dama, kuma ya faru fiye da sau ɗaya: Masai na Kenya da Tanzaniya suna da nasu, Larabawa masu raƙuma suna da nasu. Fulani kuwa irin na Turai suke ɗauke da shi, kuma bincike ya nuna ta hanyar cuɗanya da mutanen Arewacin Afirka ya iso gare su. Sikila ma haka. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, domin mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda ɗan Najeriya ne, suka kimanta cewa canjin ya faru ne sau ɗaya kimanin shekara 7,300 da suka wuce, a zamanin koriyar Sahara. Nau'in da ya fi yawa a ƙasarmu, wanda ake kira na Benin, shi ne ake samu a Arewacin Afirka da Sisili da Girka da Turkiyya. Wannan karon tafiyar daga kudu ce zuwa arewa.

To Bayajidda fa? Gwajin DNA ba zai tabbatar da shi ba, ba kuma zai ƙaryata shi ba, ga dalili. Kana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. In ka koma zuriya 10 guraben sun kai 1,024, a zuriya 30 sun haura biliyan ɗaya. Gadon mutum guda yana rabewa biyu a kowace haihuwa, har ta kai bayan zuriya goma sha wani abu yawancin kakanninka ba su bar maka ko harafi ɗaya ba, duk da cewa kakanninka ne na haƙiƙa. Baƙo ɗaya da ya zo Daura ya auri sarauniya zai narke a cikin jama'a ƙurmus, sai dai kuromozom Y ɗinsa in layin 'ya'ya maza bai yanke ba, kuma shi ma babu ƙashinsa da za a gwada da shi. Abin da gwaji ke iya cewa da ƙarfi shi ne jama'ar Hausa a dunƙule ba ƙaura suka yo daga Iraƙi ba. Da haka ne da rassan da suka fi yawa a mazan can, J1 da J2, sun cika ƙasar Hausa, kuma ba haka aka samu ba. R1b-V88 ɗin ma ba zai zama shaidar Bagadaza ba, domin an kafa birnin ne a shekarar 762 miladiyya, shi kuwa reshen ya riga shi isowa da dubban shekaru. Labarin kansa ai bai ce babu kowa a Daura ba: baƙon ya tarar da gari, da sarauniya, da rijiyar Kusugu da jama'ar da ke jiran ranar ɗiban ruwa.

Ga kuma abin da kowane Bahaushe ya sani ba sai an gwada shi ba. Hausa tana haɗiye baƙo. Wangarawa da suka zo Kano daga Mali, Barebari, Buzaye, Larabawan Gadamus da Turabulus da suka zauna a Dandalin Turawa, Fulani, Nufawa, da ɗimbin bayin da aka kawo daga kudu, jikokinsu duk yau Hausawa ne. Saboda haka babu wata alama guda a DNA da za a nuna a ce wannan ita ce ta Bahaushe.

Taswirar ƙaninka kuwa, ga yadda ake yin ta. Kamfanin ba ya da jinin kakanninku. Yana kwatanta DNA ɗinsa ne da na mutanen da ke raye yau a rumbun bayanansa, ya ce da waɗanda ya fi kama. In rumbun ya cika da Turawa, zai iya bambance maka yankin Ingila da yankin Ailan, amma ya jibga maka Sahel gaba ɗaya a ƙarƙashin suna guda. Haka lamarin yake kuwa: kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu masu asalin Turai ne, kuma shekaru da yawa Yarbawa 90 daga Ibadan, waɗanda aka ɗauka a wani shirin binciken gado mai suna HapMap, su ne ke tsayawa a madadin Afirka ta Yamma duka. Shi ya sa Bahaushe ko Babarbare kan ga an rubuta masa Najeriya da Mali da Sudan da Senegal a cakuɗe, kuma in kamfanin ya sabunta rumbunsa alƙaluman su sauya alhali yawun bai sauya ba. Sunayen ƙasashen ma iyakokinsu ba su wuce shekara 150 ba. Inda gwajin ke da ƙarfi shi ne gano dangi na kusa, daga 'yan'uwa zuwa jikokin kakanni, da kuma faɗin reshen Y da na mitokondiriya. Sai dai ka tuna kowanne daga cikin waɗannan layi ɗaya ne daga cikin dubbai. Kafin wani ya tofa yawu kuma ya karanta sharuɗɗan kamfanin a kan wa zai iya ganin bayanan, domin DNA ɗin ƙaninka rabinsa naka ne.

Giɓin yana raguwa. A 2020 masu bincike na shirin H3Africa, mai nazarin gado da lafiya a Afirka, suka karanta cikakken DNA na mutum 426 daga ƙabilu 50, suka samu canje-canje fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. A ciki suka gano cewa Birom na Filato suna ɗauke da gadon wata ƙaura daga Gabashin Afirka da ta iso tsakiyar Najeriya kimanin shekara 1,500 zuwa 2,000 da suka wuce.